Dawaki 170 a Hannun Auta

Da misalin ƙarfe sha ɗaya na dare autanmu ya turo mini hoto ta WhatsApp. Babur ne shuɗi, an kafe shi a bakin wani shago a Legas, ƙura ta ɗan hau tankinsa. Tun kafin in karanta rubutun da ke ƙasa na gane shi: Yamaha R1 ne, ƙirar 2005, mai salansa biyu a ƙarƙashin wurin zama. Saƙon gajere ne. "Yaya, na tara kashi biyu cikin uku. Ciko nake nema. Wallahi zan biya."

Na ajiye wayar, na sake ɗauka, na ja hoton da yatsu har na ga tayar gaba ta fara suɗewa. In faɗi gaskiya, sha'awa ce ta fara shiga zuciyata. Tsoro sai daga baya ya iso, lokacin da na juya a kan gado kafaɗata ta dama ta tuna mini da kanta.

Mu 'ya'yan bakanike ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi fiye da shekara talatin yana gyaran babur a wata rumfar kwano a Tudun Wadan Zariya. Abin da ke shigowa rumfar sananne ne: Vespa ta malaman makaranta, Honda Benly, CD 175, Roadmaster na ma'aikatan gwamnati, ƙananan Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, daga baya kuma Jincheng ya zo ya cika gari. Amma a bango, sama da akwatin sifanu, akwai shafin wata tsohuwar kalanda da baƙin mai ya ɗiɗɗiga a gefensa. Hoton Honda CB750 ne, ja. Baba bai taɓa kwance irinsa ba, ban ma tabbata ya taɓa ganinsa ido da ido ba. Idan aiki ya lafa sai ya ɗauki sukuddireba yana nuna salansoshin ɗaya bayan ɗaya. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan ai mota ce aka cire wa ƙafa biyu."

Sai da na girma na san cewa hoton nan shafin farko ne na wani dogon labari. An fara nuna CB750 a bajekolin motoci na Tokiyo a 1968, ya shiga kasuwa a 1969. Kafin zuwansa, in ana maganar babban babur, Ingila ake kallo: Triumph, BSA, Norton. Yawancinsu masu silinda biyu ne, suna jijjiga mai su har haƙora, suna ɗigar da baƙin mai a inda aka ajiye su, kuma da ƙafa ake tayar da su. Sai ga Japanawa da inji mai silinda huɗu a jere, cc 736, ƙarfin doki wajen 67, gudun da ya kai kilomita 200 a awa, maɓallin tayarwa, da birkin faifai a gaba. Don ka gane nisan abin, Boxer da ake acaɓa da shi ƙarfinsa bai wuce na doki takwas ko tara ba. An ƙera babura masu silinda huɗu kafin CB750, amma shi ne wanda ma'aikaci mai albashi zai iya tara kuɗi ya saya, ya kuma tashi kullum da safe ba gardama. Cikin 'yan shekaru kamfanin BSA ya durƙushe. Abin da ya fi burge Baba a labarin duka shi ne mai kamfanin, Soichiro Honda, ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, kuma shi kansa da yaron gareji ya fara.

Shekarun 1970 lokaci ne da inji ya tsere wa sauran jikin babur. Kawasaki ta fito da wasu masu silinda uku, irin injin nan mai haɗa fetur da baƙin mai, waɗanda in ka murɗa totur sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an ture ka daga baya. Turawa suka yi musu laƙabi da masu jefa mata takaba. A 1972 ta ƙaro Z1, cc 903, doki 82. Amma firam ɗin da ke ɗauke da waɗannan injuna bututun ƙarfe ne da bai yi nisa da na keke ba, tayoyin sirara ne, shakazoba kuma sai a hankali. A miƙaƙƙiyar hanya abin gwanin daɗi. A kwana sai babur ya fara rawa da kai. Duk wanda ya taɓa jin kan mashin yana karkarwa a hannunsa cikin gudu ya san abin da nake nufi, ko da a kan Jincheng ne.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma ina ganin duk rigimar da ke tsakanina da Auta a wannan mararrabar take.

Jamusawa suka tambayi kansu: ta yaya mutum zai yi tafiyar yini guda cikin sauri, ya sauka bai rugurguje ba? Babban abokin gabar mai doguwar tafiya iska ce. Da ka wuce kilomita 130 sai ta riƙa dukan ƙirjinka, tana jan wuyanka, bayan awa biyu kamar ka yi dambe. A 1976 BMW ta fito da R100RS, wanda aka lulluɓe gabansa da wata riga da ke raba iska ta wuce ta saman mahayi da gefensa. An gwada rigar a ɗakin da ake hura iska mai ƙarfi, irin gwajin da ake yi wa jirgin sama. Maimakon sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya kamar ta mota, kuma ana rataya masa akwatuna biyu. Mutane da yawa daga nan suke fara lissafin babur mai haɗa gudu da doguwar tafiya.

Japanawa kuwa filin tsere suka nufa. A 1984 Kawasaki ta fito da GPZ900R, Ninja na farko, mai lagireto, wanda ya haura kilomita 240. Shi ne Tom Cruise ya hau a fim ɗin Top Gun, wanda muka kalla a gidan bidiyo muna yara, ba mu fahimci Turancin ba amma mun haddace ƙarar babur ɗin. Shekara ɗaya bayan haka Suzuki ta yi abin da ya fi wannan tsauri. GSX-R750 na 1985 babur ɗin tsere ne kawai aka maƙala wa fitila da madubi: firam na alminiyon, nauyi ƙasa da kilo 180, hannuwa a can ƙasa, matakan ƙafa a sama kuma a baya, ta yadda dole ka kwanta a kan tanki kamar mai leƙen rijiya. Daga shi aka samo siffar da yaranmu ke kira fawa baik.

Wanda na fi ƙauna a wannan zuriyar shi ne Honda Fireblade na 1992, kuma ba don komai ba sai don mutumin da ya jagoranci ƙirarsa. Sunansa Tadao Baba. Ranar da na fara cin karo da sunan a wata tsohuwar mujalla da na saya a hannun masu gwanjon littattafai, na kai wa mahaifinmu na ce, "Baba, ashe kana da takwara a Japan." Ya yi dariya har da tari. Wannan Baban na Japan daga sakandare ya shiga Honda, a cikin masana'anta ya koyi aiki, kuma da kansa yake hawa yana gwada abin da ya ƙera. A lokacinsa kowane kamfani ƙara girman inji yake yi, babur yana ƙara ƙiba. Shi sai ya juya tambayar: me za a cire? Ya bi kowane ƙarfe, kowane noti, yana rage nauyi, har ya fito da babur mai cc 893 da nauyinsa kilo 185, kusan daidai da ɗan 600 na kamfanin, kuma ya fi manyan abokan gogayyarsa sauƙi da fiye da kilo 20. Akwai waɗanda suka fi shi gudu a miƙe. Amma shi yana juyawa inda ka ce, yana tsayawa inda ka ce. Da na fassara wa Baba wannan, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ya san aiki. Abin da ba za ka iya tsayarwa ba, kada ka tayar da shi."

Yamaha ta ɗauki wannan darasi ta kai shi ƙarshe da R1 na 1998: doki 150, kilo 177. Dabarar da suka yi ita ce ɗora giyabos a saman bayan inji, injin ya gajarta, aka samu wurin tsawaita hannun da ke riƙe tayar baya ba tare da babur ya yi tsawo ba. Kakan wanda ke cikin wayata ke nan.

Ana cikin haka kuma ana wani yaƙin daban, na wa ya fi kowa gudu. Abin mamaki, masu wannan yaƙin ba siraran nan na filin tsere ba ne, dogaye ne masu nauyi da suka fi kusa da dangin doguwar tafiya. Kawasaki ZZ-R1100 ya riƙe kambu daga 1990. A 1996 Honda ta ƙwace da wanda ta sa wa suna Blackbird, wato baƙin tsuntsu. A 1999 Suzuki ta amsa da Hayabusa, wanda a yaren Japan sunan wani shaho ne mai saukowa daga sama kamar kibiya, kuma ƙananan tsuntsaye irin baƙin nan suna cikin abincinsa. Habaici ke nan da ƙarfe. Hayabusa ya haura kilomita 300 a awa, a babur ɗin da kowa zai shiga shago ya saya. Nan hankalin hukumomi a Turai ya tashi, aka fara raɗe-raɗin kafa doka. Kafin a kai ga haka sai kamfanonin suka daidaita a tsakaninsu, ba tare da wata doka ba, cewa daga wajen 2000 ba za su bar babur na titi ya wuce 300 ba. Shi ya sa za ka ga maleji ya tsaya cak a 299.

A wannan shekarar ta Hayabusa aka haifi Auta. Yana da shekara tara Baba ya rasu. Ranar sadakar uku Hajiya ta kira ni ɗaki ta ce, "To, kai ne ubansa yanzu." Ban ɗauka maganar za ta biyo ni har cikin WhatsApp ba.

Nawa laifin ga shi. Da na fara aiki a Kaduna, abu na farko mai tsada da na saya wani ɗan 600 ne na hannu. Wata Lahadi da safe na taso zuwa gida, hanya fayau, na wuce Jaji, sai akuya ta fito daga ciyawa. Ba zan rubuta gudun da nake yi ba, saboda jikoki suna karanta wa Hajiya abin da nake rubutawa. Na damƙe birkin gaba da duk ƙarfina, ga yashi a kan kwalta, tayar ta ƙulle, abin da na sani na gaba shi ne ina kwance ina kallon sama, wani mai itace yana ta salati a kaina. Ƙashin kafaɗa ya karye, fatar cinya ta tafi. Hular kwano ce ta sa nake wannan rubutun. Akuyar ta tsallaka lafiya lau. Babur ɗin ba shi da laifi ko kaɗan, abin da hannuna ya ce masa shi ya yi.

Abin da ya ci mini rai daga baya shi ne gano cewa maganin wannan faɗuwar ya daɗe a duniya. Tun 1988 BMW ta fara sa ABS a babur. Na'ura ce da ke ƙirga juyawar taya, da ta ga tayar za ta ƙulle sai ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da hannun ɗan Adam a firgice ba zai iya ba. Baburan doguwar tafiya ne suka fara karɓarta. Masu baburan gudu suka daɗe suna raina ta, wai nauyi ce, wai ta waɗanda ba su iya ba ce. Na san wannan girman kan, da shi na faɗi.

Sai da ƙarfi ya kai inda ko gwanaye ba sa iya sarrafa shi da hannu kaɗai, sannan kwamfuta ta shigo da gaske. BMW S1000RR na 2009 ya zo da doki kusan 190, tare da na'urar da ke rage wuta idan tayar baya ta fara sulɓi. R1 na 2015 ya zo da wata 'yar na'ura mai gane yadda babur ya karkata, 'yar uwar wadda ke cikin wayarka da ke juya hoto idan ka kwantar da ita. Da ita babur ke sanin yana cikin kwana, ya auna birki da wuta daidai da haka. Daga 2016 Tarayyar Turai ta fara tilasta ABS a sababbin baburan da suka wuce cc 125. Wasu na yanzu har rada gare su mai lura da motar da ke gaba. Ina da ɗan ƙorafi a nan, domin babur ɗin da sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa ya fi ƙarfin irin rumfar da ta ciyar da mu. Baba da kunne yake gano bawul ɗin da ya saki. Amma ƙorafin mai kewa ne, kafaɗata ba ta goyon bayansa.

To ga inda abin ya shafe mu. Wannan tarihin ba a jere yake iso mana ba. Sababbin masu kwamfuta sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Abin da ake lodowa a kwantena shi ne wanda ya tsufa ya yi arha a can, kuma a yanzu waɗannan su ne na tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da wajen 2010, wato daidai lokacin da ƙarfi ya riga ya kai ƙololuwa amma na'urorin tsaro ba su iso ba. R1 na 2005 yana da doki wajen 170, nauyinsa kuma kusan kilo 170 ɗin ne, kowane kilo da dokinsa. A giyar farko kaɗai yana wuce kilomita 140. Ba shi da ABS, ba shi da mai hana sulɓi. Sai a 2012 R1 ya samu mai hana sulɓi, ABS kuma sai 2015. A wasu daga cikin ƙasashen da aka ƙera shi dominsu, matashi ba ya tashi daga ƙaramin mashin ya faɗa kansa. A Tarayyar Turai akwai matakin lasisi da ke tsayar da kai a doki wajen 47, sai ka yi shekara biyu a kai, ko kuma ka kai shekara 24 ka ci jarrabawar babban, kafin a sake maka linzami. Auta kuwa duk iliminsa na babur a kan roba-roba ya same shi, da Boxer na abokinsa. Ga titinmu kuma da ramukansa, da yashinsa, da tirelar da ta lalace aka sa mata ganye, da 'yan uwan akuyata.

Akwai wani abu da ba a faɗa wa mai sha'awar irin wannan babur, sai ya hau zai sani. A gudun kilomita 50 cikin gari azaba ne. Duk nauyinka yana kan wuyan hannu, wuyanka a ɗage, zafin inji yana gasa maka cinya, musamman a watan Afrilu a cikin go-sulo. Ba ya yin daɗi sai ka wuce 140, lokacin da iska ta tallafi ƙirjinka ta ɗauke nauyin daga hannunka. Wato shi kansa zaman roƙonka yake ka ƙara wuta. Ko kai mai haƙuri ne, jikinka zai nemi sauƙi, sauƙin kuma yana can sama.

Shekara uku bayan faɗuwata na sake sayen babur, duk da rantsuwar da na yi a gadon asibiti (na yi kaffara). Wannan karon Honda VFR800 ne, ƙirar 1999. Shi ma yana da nasa labarin. A farkon shekarun 1980 injunan Honda masu silinda huɗu a siffar V sun yi ƙaurin suna wajen cinye kamshaf. Don wanke sunanta, a 1986 ta fito da VFR750F da ta ƙera fiye da yadda ake bukata, har ta sa haƙoran giya su riƙa juya kamshaf maimakon sarƙa. Wannan ne ke ba shi wani siririn kuka kamar fito, wanda nawa ma yake yi. An yi shi da niyyar gudu, amma mutane suka gano cewa za ka iya wuni a kansa, a hankali ya zama abin misali a dangin gudu da doguwar tafiya. Ba zan yi maka ƙarya ba, dokinsa ya haura 100 kuma shi ma ba shi da ABS. Bambancin a zama yake. Hannuwan sun ɗan ɗago, bayanka ya ɗan miƙe, a gudun 90 kana zaune lafiya, ba abin da ke tsikarinka.

Da shi na fara zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka. A hanyar na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba a kan ɗan 600: ina ganin gari. Na ga masara a gonaki, na ga duwatsu suna tasowa, na ji iska ta sauya ta yi sanyi tun kafin in hau tudu. Na tsaya na sayi rake. A da, in na sauka daga babur, abin da zan iya ba ka labari shi ne lambar da maleji ya nuna.

Su ma can kasuwarsu ta juya. Waɗanda suka yi samartaka da Fireblade sun manyanta, bayansu ya fara ciwo, sun koma kan dogayen babura masu zama a miƙe irin BMW GS, Ducati Multistrada da Yamaha Tracer, masu doguwar shakazoba da akwatuna. Abin dariya, waɗannan ne ma suka fi dacewa da hanyoyinmu. Daga 2025 Yamaha ta daina sayar da R1 na hawa titi a Turai, sai na filin tsere kawai. Can an mayar da shi inda ya fito, nan kuma muna tara kuɗi mu shigo da shi Kwangila.

Washegari bayan sallar asuba na kira Auta. Na fara zuba masa duk wannan tarihin, ya saurara har na kai Hayabusa, sannan ya katse ni.

"Yaya, kai ma fa ka hau."

"Na hau. Ka zo ka taɓa kafaɗar ka ji."

"To ai ƙaddara ce. Ko a kan keke sai ta same ka."

"Haka ne. Amma Baba da kansa yake duba birkin kekenka kafin ka fita, ko ka manta?"

Ya yi shiru. Na san in na ce a'a kawai, zai nemi cikon a wani wuri, kuma zai samu, sai dai in ji labari. Don haka na ce masa zan cika, har in ƙara, amma a kan ɗan 400 mai ABS, irin su Ninja 400 da dokinsu bai wuce 45 ba, tare da hular kwano ta gaske da riga mai kariya, ba irin hular da ake sawa don 'yan sanda ba. Ya yi shekara biyu a kai. In ya cika su, ranar zan miƙa masa makullin VFR mu je Jos tare, daga nan ya zaɓi abin da yake so da kuɗinsa. Na ce kuma shafin kalandar Baba, wanda ya daɗe yana roƙona, yana cikin cinikin.

"Ɗan 400 fa, Yaya. Abokaina dariya za su yi mini."

"Ninki biyar ne na Boxer. Su yi dariyar."

Ya ce mai babur ɗin ya ba shi zuwa Juma'a. Na ce to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ya ce amin, a irin muryar da yake amsa Hajiya in ta aike shi kasuwa da rana.

Yau Laraba. Hajiya ba ta san komai ba, kuma kullum in na kira ta sai na ji kamar ta gane. Jiya da dare, wajen ƙarfe sha ɗaya, saƙo ya shigo.

"Yaya, ɗan 400 ɗin, ana samun shuɗi?"

Na ce zan tambaya. Na duba hoton da ya sa a fuskar WhatsApp ɗinsa, har yanzu R1 ɗin ne, da ƙurarsa a kan tanki.